Wace ce Toyotar madabod? Yadda za ka zaɓi allon kwamfuta da idon mai sayen mota

Wani dattijo ya shigo shagona a Samaru, Zariya, tare da ɗansa mai karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, za a haɗa wa yaron kwamfutar tebur saboda zane-zanen makaranta. Na jera musu kwalaye uku a kan kanta, na fara bayani, sai dattijon ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, dakata. Wannan yaren naku ba na ji. Amma na fi shekara ashirin ina lodi daga Kwangila zuwa Kano. Gaya mini da nawa yaren: a cikin ukun nan wace ce Toyota, wace ce Fijo?"

Na ce, "Baba, in dai da yaren mota ne ai kai ne malamina. Amma bari in tambaye ka: ka taɓa sayen mota don tambarin da ke gabanta kawai, ba ka buɗe bonet ba?"

Ya yi dariya ya ce ko yaron mota ba zai yi haka ba.

Tun daga ranar nake amfani da wannan kwatancen ga duk wanda ya zo neman madabod, wato babban allon da komai na kwamfuta yake hawa a kansa, wanda masu gyara suke kira bod a taƙaice. Kwatancen yana aiki sosai, da sharaɗi guda: a yi shi yadda direban gaskiya yake sayen mota. Direba yana duba tambari, amma yana duba samfurin, da shekarar ƙira, da hannun da ta fito, da hanyar da za ta bi, da ko makaniken unguwa ya san kanta. Ga yadda nake bi, daki-daki.

Mataki na farko: san hanyar da za ka bi

Wanda zai riƙa zirga-zirga tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ba ya bukatar motar da za ta shiga ƙauye da damina. Haka ma nan. Kwamfutar da za ta zauna a shagon buga takardu da cike fom, ko a ɗakin rubuta jarrabawa, aikinta ɗan kaɗan ne amma na yini guda. Ta ɗalibin injiniya ko mai tsara gidaje tana ɗaukar kaya mai nauyi na sa'o'i. Ta mai haɗa bidiyon biki ta fi duka shan wahala, don furosesa, wato kwakwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, na iya yin awa biyu ko uku a ƙarshen ƙarfinta ba hutu. Rubuta aikin a takarda kafin ka fita daga gida. In ba haka ba, fitilu masu launi za su saye ka a shago.

Mataki na biyu: inji tukuna, sannan shasi

Furosesa ita ce inji, bod kuwa shasi ne da wayoyi da famfon mai a haɗe. Ba a sayen shasi sannan a fara neman injin da zai shiga. Zaɓi furosesa, ita za ta gaya maka mazaunin da take so.

A ɓangaren furosesan kamfanin Intel, ƙarni na 10 da na 11 suna zama a mazaunin LGA1200, na 12 zuwa na 14 kuma a LGA1700. A ɓangaren kamfanin AMD akwai mazaunin AM4, wanda ya ɗauki furosesansa na Ryzen tun daga 2017 har zuwa jerin 5000, sai AM5 da ya fito a 2022. Ba a cusa wannan a wancan. Sai batun ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta: AM5 nau'in DDR5 kaɗai yake ci, AM4 kuwa DDR4. LGA1700 shi ne mai ruɗi, domin akwai bod ɗinsa masu DDR4, akwai masu DDR5, kuma sunayensu kusan ɗaya. Karanta jikin kwalin sau biyu. Tsagar da ke ƙasan ram ɗin ba a wuri ɗaya take ba, duk wanda ya danna da ƙarfi sai ya yi asarar ɗaya ko duka biyun.

Akwai kuma cifset, ƙwayar da ke kan bod tana haɗa furosesa da sauran kaya, wanda yake nuna ajin bod ɗin. H610 da A520 su ne na ƙasa, B760 da B550 da B650 na tsakiya, Z790 da X570 na sama. Yawancin mutanen da nake haɗa wa kwamfuta a Zariya ajin B ya ishe su har da saura.

Kalma ɗaya ga masu son tsofaffin kaya saboda araha. Windows 10 ya daina samun gyare-gyaren tsaro na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 a ƙa'ida yana neman Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen jerin 2000 zuwa sama, tare da sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Bod ɗin H61 da har yanzu suka cika kasuwa na ƙarni na 2 da na 3 ne. Suna tafiya, amma ka san abin da ka saya.

Mataki na uku: yanzu a zo kan tambarin

Wannan shi ne abin da dattijon ya tambaya, kuma abin da zan faɗa ra'ayina ne na mai gyara, wani ma'aikacin zai iya jera su daban.

ASUS ita nake kira Toyota. Kamfanin Taiwan ne da wasu injiniyoyi da suka baro Acer suka kafa a 1989, shekarar da Toyota ta fito da Lexus. Kowa ya san sunan, kowane mai gyara ya saba da shafin BIOS ɗinta, wato manhajar da ke cikin bod wadda take tayar da kwamfuta, kuma in ka zo sayarwa ba ta faɗuwa warwas. Kamar Toyota, kana biyan kuɗin suna a kan kuɗin kaya. Jerin Prime shi ne Corolla, TUF ya fi kama da Hilux, ROG kuwa Lexus ne: ya yi kyau, ya yi ƙarfi, amma mai shagon buga takardu da ya saye shi kujerun fata ya biya wa kuɗi.

MSI nake kira Honda. An kafa ta a 1986, ita ma a Taiwan. Abin da ya sa nake haɗa ta da Honda shi ne a ajin tsakiya tana yawan ba ka ƙarfin da ya fi kuɗinka. B450 Tomahawk ya yi suna a duniya saboda haka, ya zama kamar yadda Accord ta zama a hannun matasa. Jerin Pro na ofis ne, MAG na tsakiya, MPG da MEG na sama.

Gigabyte, ita ma 1986, ita ce Fijo a wurina. Wanda ya tashi a jihar Kaduna ya san matsayin Fijo, tunda a garin Kaduna aka fara harhaɗa ta tun 1975, kuma 504 ta yi wa hanyoyinmu aikin da ba a mantawa. Gigabyte ta gina sunanta a kan juriya, da jerin da ta kira Ultra Durable, da kuma dabarar DualBIOS da ke kan yawancin tsofaffin bod ɗinta: kwakwalwar BIOS biyu, in ɗaya ta lalace ɗayar ta tayar da ita. Ga ƙasar da wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar sabunta BIOS, wannan tayar ko-ta-kwana ce ta gaske. Amma akwai abin lura. Gigabyte tana sake fitar da bod da suna ɗaya amma zubi daban, ta rubuta rev 1.0 ko rev 1.1 a kusurwarsa, kuma wani lokacin kayan da ke kai sun canza. Kamar dai 406 ne, suna ɗaya, inji kala-kala. Aorus shi ne jerinta na manya.

ASRock ta fi kama da Kia ko Hyundai. Daga cikin ASUS ta fito a 2002, da niyyar yin kaya masu araha, kuma shekaru da yawa masu gyara suna yi mata kallon ta talaka. Yau Steel Legend da Taichi suna gogayya da kowa. Wanda ya raina Kia saboda abin da ya sani shekara ashirin da suka wuce, labarinsa ya tsufa. Sai dai ƙananan samfuranta, irin masu HDV a ƙarshen suna, an rage musu komai don farashi ya sauka, kada a ɗora musu kaya.

Biostar ƙaramar motar cikin gari ce, ta kai ka ta dawo da kai in ba ka matsa mata ba. Supermicro, kamfanin Amurka da aka kafa a 1993, tirela ce, ta manyan kwamfutocin kamfanoni ce da ɗakunan ajiyar bayanai, ba ta gida ba ce.

Sai rukunai biyu da suka fi yawa a kasuwarmu, waɗanda turawa masu irin wannan kwatancen ba sa ma kawo su. Na farko, kwamfutocin ofis na Dell da HP da Lenovo da ake shigowa da su na hannu. Waɗannan motocin ma'aikata ne, irin Hiace ɗin da ta yi shekaru ana yi mata sabis a kan lokaci. An gina su don su yini a kunne, kuma ga mai ɗan kuɗi sau da yawa su nake ba da shawara. Matsalarsu ita ce kayansu nasu ne su kaɗai. Yawancin OptiPlex na Dell na baya-bayan nan ba sa amfani da filogin wuta mai fil 24 da kowa ya sani, nasu mai fil 8 ne ko 6, don haka in fawa fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta, ya mutu sai ka nemo irinsa sak. Na biyu, sababbin bod na ƙasar Sin masu ɗaukar tsofaffin furosesa na Xeon, waɗanda ake kira X79 da X99. Allon sabo ne, amma sau da yawa cifset ɗin daga tsohon bod aka ciro shi. Mota ce haɗin gareji: injin wata, giyabos ɗin wata. Tana iya yi maka shekaru, tana iya tsayawa a sati na uku. Matashi mai son gwaje-gwaje zai iya saya. Wanda abincin iyalinsa ya dogara da kwamfutar, ban ba shi shawara ba.

Mataki na huɗu: buɗe bonet

Nan ne ainihin maganar, kuma nan ne tambari yake daina amfani.

Direbobi sun san Pontiac Vibe da Toyota Matrix mota ɗaya ce a ƙarƙashin fenti, injin Toyota ne a duka biyun. Sun san Sharon da Galaxy na farko daga masana'anta ɗaya suka fito a Fotugal. To haka bod yake. Cifset ɗin B550 da ke kan ASUS shi ne dai wanda ke kan MSI, daga AMD ya fito. Kwakwalwar sauti da ta intanet galibi na Realtek ne ko na Intel, ko wane tambari ne a kwalin. Mazaunin furosesa ma wasu kamfanoni ne daban, irin su Foxconn da Lotes, suke ƙera shi su sayar wa kowa. Abin da kowane kamfani yake yi da hannunsa shi ne tsarin allon, da zaɓen ƙananan kayan wuta, da rubuta BIOS. Saboda haka bod mafi arha na kamfani mai suna zai iya kasa kamo na tsakiya na kamfanin da ake rainawa. Na sha ganin haka da idona.

Abin da za ka fi dubawa shi ne sashen da ake kira VRM. Dubi gefen mazaunin furosesa, ta hagu da ta sama. Za ka ga wasu ƙananan akwatuna masu kusurwa huɗu a jere, da kafasito, wato 'yan ƙananan gwangwanaye masu tara wuta, kusa da su, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu. Aikinsu shi ne su karɓi wuta mai bolt 12 daga fawa fak su sauke ta zuwa bolt ɗaya da 'yan kai, wadda furosesa take sha. Wannan shi ne famfon mai da lagireto na kwamfuta a wuri guda. In yana da ƙarfi, furosesa tana samun abin da take so cikin natsuwa. In raunana ne, sai ya yi zafi, bod ya rage wa furosesa gudu don ya ceci kansa, ka ga kwamfutar da ka kashe wa kuɗi tana ja kamar motar da ta sha gurɓataccen mai. In aka daɗe a haka, wata rana sai ƙauri.

Tambayoyi biyu za ka yi. Akwatunan nawa ne? Kuma akwai ƙarfen sanyaya a kan baƙaƙen ƙwayoyin, ko tsirara suke? Bod mai akwatuna biyar ko shida ba ƙarfe a kai zai riƙe Core i3 ko Ryzen 3, har ma da ƙananan i5 da Ryzen 5, lafiya lau. Ka ɗora masa i7 ko Ryzen 9 ka ce ya haɗa bidiyo, ka saka injin tirela a shasin Starlet ke nan. Yawan akwatuna kaɗai ba hujja ba ce, don ingancin ƙwayoyin ya bambanta, amma ga mai saye a tsaye a shago, ƙarfen sanyaya mai nauyi alama ce da ba kasafai take ƙarya ba.

Kuma ka tuna inda kake. Masu gwada waɗannan kaya a Turai da Amurka a ɗaki mai sanyi suke yi. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu shago mai rufin kwano a PZ tanderu ne, ga fanka ba wuta. Bod ɗin da ya tsallake da ƙyar a can, a nan faɗuwa zai yi. Shi ya sa nake cewa mutumin Zariya ya hau mataki ɗaya sama da abin da aka ce ya isa, a ɓangaren VRM kawai. Ya rage kuɗin a fitilu.

Sauran abubuwan dubawa ba su da wuya. Ramukan ram huɗu sun fi biyu in kana da niyyar ƙari nan gaba. A samu aƙalla gurbin M.2 ɗaya, wato inda ake saka ƙaramar ma'ajiyar bayanai mai sauri. A ƙirga ramukan USB na baya, don mai shagon buga takardu da firinta biyu da sikana da kyamara zai cinye su nan da nan. In tsohuwar sikirin gare ka mai filogin VGA, ka tabbata akwai ramin, sababbin bod da yawa sun yar da shi. Girma kuma uku ne aka fi sani, ATX da microATX da mini-ITX, a gwada da akwatin da za a saka shi.

Mataki na biyar: shekarar ƙira da tarihin samfurin

Babu kamfanin motar da bai taɓa yin mummunar shekara ba. Toyota da kanta ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda matsalar totur. Duniyar bod ma haka. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an yi annobar kafasito, inda ruwan cikinsu mara kyau ya sa suka riƙa kumbura suna tsiyaya, kuma ta shafi kamfanoni da dama, manya da ƙanana. Bayan nan ne aka koma kafasito masu daskararren ciki, waɗanda ake tallatawa har yau. A 2023 wasu furosesa na Ryzen 7000 sun ƙone a kan bod na kamfanoni daban-daban saboda wutar da ake ba wani sashensu ta yi yawa, sai da aka fitar da sabon BIOS da ya kafa iyaka a bolt 1.3. A 2024 kuma Intel ta amsa cewa manyan furosesa na ƙarni na 13 da 14 suna neman wuta fiye da kima har suna lalacewa, gyaran ya zo ne ta BIOS shi ma.

Darasin aiki a nan guda biyu ne. Kada ka yi rige-rigen sayen samfurin da ya fito jiya, bari ya yi wata shida a hannun mutane. Sannan ka ɗauki cikakken sunan bod ɗin, harafi da lamba, ka shiga shafin kamfanin a wayarka kana tsaye a shagon. Duba jerin furosesan da yake ɗauka, da lambar BIOS ɗin da kowace take bukata. Bod ɗin B450, alal misali, yana ɗaukar Ryzen 5000 amma sai an sabunta shi, in ba haka ba ka kunna ka ga baƙin sikirin ka ɗauka ya mutu. Duba kuma yaushe aka fitar da BIOS na ƙarshe. Kamfanin da yake ci gaba da kula da bod mai shekara huɗu ya nuna maka halinsa.

In akwai maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba, wannan babbar garaɓasa ce. ASUS tana kiransa BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Kuma don Allah kada ka taɓa fara sabuntawa sai kwamfutar tana kan UPS ko inbata mai caji. Minti biyar ne aikin, amma in wuta ta ɗauke a cikinsu bod na iya zama katako.

Mataki na shida: in na hannu ne

Yawancin abin da muke samu na hannu ne, ko daga Legas ko daga Kano ko daga wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma gida. Ba laifi ba ne. Tokumbo mai kyau ta fi sabuwa mara kyau. Amma a duba ta da rana.

Fara da mazaunin furosesa. A bod ɗin Intel da na AM5, fil ɗin a jikin bod suke, siraran gaske, 1,700 a LGA1700 da 1,718 a AM5. Haska fitilar waya ta gefe, ba ta sama ba, ka juya allon a hankali. Fil ɗin da ya lanƙwashe zai yi ƙyalli daban da 'yan'uwansa. Guda ɗaya na iya kashe ramin ram ko ya hana tashi gaba ɗaya. A AM4 fil ɗin a jikin furosesa suke, sai ka duba can.

Sai kafasito: kansu ya zama a shafe, ba kumburi, ba wani abu mai kama da tsatsa a gindinsu. Juya bod ɗin ka dubi bayansa, musamman bayan VRM. In wurin ya yi duhu kamar an gasa, ya sha zafi. In ka ga wani wuri yana ƙyallin danƙo ko dalma sabuwa, an taɓa aiki a wurin. Wannan shi ne fentin da ake rufe hatsari da shi. Ba lallai ne ya zama sharri ba, amma mai sayarwa ya gaya maka, farashi kuma ya nuna. Shinshina shi ma, ƙaurin ƙuna ba ya ɓoyuwa. Duba kewayen ramukan kusoshi ko sukurdireba ta taɓa zamewa ta yanke siraran layuka. Farin gari ko kore-kore a kan ƙarafa kuwa alamar danshi ne, an ajiye shi inda bai dace ba.

Tambayi murfin ƙarfen baya, wanda yake rufe ramukan USB. Mutane suna raina shi, amma in babu shi ƙura da kyankyasai da ƙadangaru sun sami ƙofa. Batirin CR2032 kuwa ba abin damuwa ba ne, bolt 3 ne, in ya yi sanyi agogo ya riƙa ɓata sai a canza.

Na taɓa karɓar bod guda shida daga hannun wani mai kawo kaya, ban gwada ba saboda sabo da yarda. Biyu a ciki ramin ram ɗinsu na biyu a mace yake, kuma ban gane ba sai da masu su suka zo ƙara ram bayan watanni. Ni na biya. Tun daga nan ko daga hannun wa kaya ya fito sai ya hau teburin gwaji.

Mataki na bakwai: a zaga da ita

Ba wanda yake biyan kuɗin mota don ya ji ta tashi kawai. Bod ya nuna tambari a sikirin ba shi ne lafiya ba. Saka ram a kowane rami ɗaya bayan ɗaya. Gwada kowane USB da filas, gaba da baya. Saka wayar intanet, saka abin sauti. Buɗe manhajar CPU-Z ka tabbata sunan da ya nuna shi ne na jikin kwalin. Sannan ka ɗora masa kaya: kunna Cinebench, manhajar da ke sa furosesa aiki mai nauyi, ya yi ta maimaitawa na minti ashirin zuwa talatin, HWiNFO yana buɗe a gefe kana kallon zafi da gudun furosesa. In gudun ya fara da ƙarfi, bayan minti goma ya zube alhali furosesar ba ta kai iyakar zafinta ba, VRM ne ya gaji. In da hali ka bar MemTest86, mai gwada ram, ya zagaya ko sau ɗaya. A ƙarshe kashe shi, cire wuta, jira minti biyar, sake kunnawa. Akwai bod da suke tashi da zafi amma su ƙi tashi da sanyi, kamar motar da sai an tura da safe.

Mai shagon da ya ƙi yarda a yi wannan gwajin, gaishe shi ka wuce. Wanda ya yarda, ku rubuta a rasit kwana nawa ya ba ka, da lambar jikin bod ɗin. Garantin shekara uku da ake rubutawa a kwali ya fi aiki a ƙasashen da kamfanin yake da ofishin karɓar kaya. A nan garantinka shi ne mutumin da ke bayan kanta, da ko za ka same shi a wurin wata mai zuwa.

Mataki na takwas: mai da hanya

A cikin bod ɗin da suke zuwa teburina a mace, waɗanda suka mutu don laifin kansu kaɗan ne. Wuta ce take kashe yawancinsu. Fawa fak mara nauyi mara suna shi ne gurɓataccen man da ake sayarwa a galan, ko Lexus ka zuba wa sai ta tsaya. In kuɗinka bai kai ka sayi bod mai tsada da fawa fak mai kyau ba, sauko da bod ɗin ka ɗaga fawa fak ɗin. A samu sitabilaiza ko UPS. Kada a bar kwamfuta a jone lokacin da ake tayar da janareta ko ake sauya layi, a bari wutar ta zauna tukuna. Da damina in hadari ya haɗo a cire filogi, a cire har da wayar intanet, don tsawa tana shiga ta nan ta ƙone bod ɗin da aka kashe.

Sai ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a buɗe akwatin duk bayan 'yan makonni a hure shi da bulowa, a riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Iskar lokacin a bushe take ƙwarai, jikinka yana tara wutar da kake ji in ka taɓa ƙofar mota, don haka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa allon. Kuma a ɗaga kwamfutar daga ƙasa.

Dattijon nan ya zauna ya saurari duk wannan, har ya karɓi fitilar ya duba ƙarafan sanyayan da kansa. Kwalin da ya fi tsada a cikin ukun ya ture gefe. Mai arhar ma ya ture, ya ce wannan lagiretonsa bai kai ba. Ya ɗauki B550 na tsakiya mai ramukan ram huɗu, muka ɗora masa Ryzen 5, ragowar kuɗin ya ce a saka a fawa fak da UPS. Da zai fita ya juyo ya ce wa ɗan, "Kai kuma duk ƙarshen wata ka kawo ta sabis."